Hoto, Zane ko Taswira: Wace Hanya Ce Ta Fi Fito da Rayuwar Ɗalibin Digirgir a Ƙasar Waje?

Duk wanda ya taɓa ajiye rikoda a gaban ɗalibin digiri na uku da ya baro gida ya tafi Ingila, ya tambaye shi yaya karatu, ya san amsar da zai samu: "Alhamdulillah, sai godiya." Idan aka ɗan matsa, ya ƙara da cewa akwai sanyi, kuma abinci sai a hankali. A nan zance yake tsayawa. Ba ƙarya ya yi ba. Ya tashi ne inda ba a kai ƙarar malami, ba a faɗa wa baƙo cewa aljihu ya bushe. Ga shi bizarsa tana rataye da rajistarsa a jami'a, rajistar kuma tana rataye da rahoton mutum ɗaya ko biyu da ke duba aikinsa. Bayan haka, shi ma mai bincike ne. Ya san yadda ake tsara tambayoyi, ya san irin amsar da ake so, yana iya miƙa maka ita a wanke a goge ba tare da ka taɓa ainihin abin da ke damunsa ba.

Wannan ne ya sa masu nazarin rayuwar ɗaliban ƙetare suke komawa ga hanyoyin da ake sa wani abin gani a tsakanin mai tambaya da mai amsa. Mutanen ba kaɗan ba ne: a Birtaniya wajen kashi 40 cikin 100 na masu karatun digirgir daga wasu ƙasashe suka zo. Wanda ke rubuta tsarin bincikensa a fannin ilimi ko nazarin zamantakewa, ko ma'aikacin ofishin ɗaliban ƙetare da ke son sanin halin da mutanensa ke ciki, zai tarar da hanyoyi huɗu a gabansa: hira a kan hoto, muryar hoto, zanen tafiya, da taswira. Ana yawan jera su kamar abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, kuma wadda ta fi suna a cikinsu ita ce ta fi wahalar dacewa da wannan rukuni na mutane.

Hira a kan hoto

Ita ce babbar yaya. John Collier, mai ɗaukar hoto da ya shiga nazarin al'ummomi, shi ya fara bayyana ta a rubuce a 1957, bayan aikin da ya yi da ayarin masu bincike na Jami'ar Cornell a yankin Nova Scotia na Kanada. Ya yi hira da wasu iyalai da hotuna a hannu, wasu kuma ba hoto, ya gwada. Abin da ya gani shi ne hirar da aka yi a kan hoto ta fi tsawo, ta fi fito da bayani dalla-dalla, ta fi farfaɗo da tunani, kuma mutane ba su gaji da wuri ba. Douglas Harper ya sake tayar da zancen a 2002, har ya kawo hujjar cewa sashen ƙwaƙwalwa mai sarrafa gani ya girmi mai sarrafa magana. Ni wannan hujjar ba ta cika burge ni ba. Dalili mafi sauƙi ya ishe ni: idan ido huɗu suka koma kan takarda maimakon kan juna, nauyin baki yana raguwa.

Kashi biyu ce. A na farko mai bincike ne ke zuwa da hotunansa. A na biyu ɗalibin ake ba mako biyu ko uku ya ɗauki hoto goma ko sha biyu da wayarsa a kan abin da yake ganin shi ne rayuwarsa, sannan a zauna a bi su ɗaya bayan ɗaya. Ga ɗaliban digirgir, kashi na farko ba shi da wani amfani mai yawa. In ka zo da hoton laburare da na filin jirgi da na dusar ƙanƙara, ka riga ka faɗa musu labarin da kake jira. Na biyun ne ke da riba, domin shi ne ke kai ka inda ba za ka yi tunanin tambaya ba.

A ce wata ta kawo hoton tashar bas, fitilun titi a kunne. Kai ka ga dare. Ita kuma ta ce ƙarfe huɗu na yamma ne, domin a Glasgow, birnin arewacin Birtaniya, rana tana faɗuwa kafin huɗu a watan Disamba, kuma a daidai lokacin ne take rige-rigen ɗauko yaro daga makaranta, shi ya sa ba ta taɓa halartar taron ƙara wa juna sani na sashensu ba, shi ya sa kuma ba ta san kowa ba. Daga hoto guda an sami yanayi, reno, tsarin sashe da kaɗaici. Wani ya kawo hoton kwalbar yaji da ƙullin kuka a kan kanta, zance ya gangara kan wanda ke aiko masa da su da kuma wanda yake ɓoye wa halin da yake ciki idan an yi waya da gida. Ba wata tambaya a takarda da za ta kai ka nan kai tsaye.

Raunin wannan hanya iri uku ne, kuma kowanne yana da nauyi. Na farko, manyan abubuwan da ke juya rayuwar ɗalibin digirgir ba sa tsayawa a gaban kyamara. Yaya ake ɗaukar hoton wata uku ana jiran sufabaiza, wato malamin da ke duba aikin, ya dawo da babi na biyu? Yaya ake ɗaukar hoton faɗuwar naira, wadda a farkon Yunin 2023 take wajen 460 a dala ɗaya a farashin gwamnati, kafin Fabrairun 2024 ya ƙare ta haura 1,500, ta mayar da alawus ɗin wanda ake aiko wa kuɗi daga Najeriya abin da bai kai haya ba? Mutum zai iya ɗaukar allon kwamfuta ko rasit, amma wannan alama ce kawai, kuma ba kowa ke da dabarar ƙirƙiro alama ba.

Na biyu, hannunmu ya riga ya saba da Instagram da Facebook. Wanda ya shekara uku yana tura wa gida hotonsa a gaban tsohon ginin jami'a cikin kwat mai kyau, idan ka ce ya ɗauki rayuwarsa, abin da zai fara zuwa masa kenan. Sai an faɗa masa a fili cewa ba kyau ake nema ba, har ma a roƙe shi hoto biyu na abin da ba zai taɓa tura wa kowa ba.

Na uku shi ne sirri, kuma a nan ya kamata a dakata. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, to amma fuskar ce abu na farko da kwamitin ɗa'ar bincike zai ce a rufe. Ko an rufe ta ma ba a tsira ba. Sashen jami'a ƙaramin gari ne. Idan mace ɗaya ce tak daga Nijar ko Sudan a sashen kimiyyar harhaɗa magunguna, hoton tagar ofishinta ya isa sufabaizanta ya gane ta, ya kuma gane cewa ita ce ta faɗi maganar da ke ƙarƙashin hoton. Kundin digirgir a Birtaniya ana ɗora shi a rumbun jami'a na intanet, kowa na iya saukewa. Ƙari a kan haka, waya tana liƙa wa hoto bayanin wuri da lokacin da aka ɗauke shi idan ba a kashe ba, kuma wannan bayanin yana biyo hoton in an turo shi ta imel ko a matsayin fayil. Dokar kare bayanai ta Birtaniya ta 2018 tana ɗaukar hoton da za a iya gane mutum a cikinsa a matsayin bayanin sirri, saboda haka duk wanda ya fito a hoton, miji ne ko abokin ɗaki, akwai batun izininsa. Sannan a dokar haƙƙin mallaka ta 1988 hoto na wanda ya ɗauka ne, ba na mai bincike ba, sai an sami izini a rubuce kafin a buga shi a mujalla. Ɗakunan gwaje-gwaje da yawa ma ba a yarda a ɗaga waya a cikinsu.

Muryar hoto

Wannan ita ce mai farin jini, kuma ita ce aka fi ara wa suna. Caroline Wang da Mary Ann Burris ne suka gina ta a farkon shekarun 1990 a lardin Yunnan na ƙasar Sin, inda suka ba matan karkara 62 kyamara su ɗauki rayuwarsu, a wani shiri na lafiyar mata da Gidauniyar Ford ta tallafa wa. A 1997 suka fitar da cikakken bayanin hanyar, da manufofi uku: mutane su ɗauki abin da ke da kyau da abin da ke damun al'ummarsu, su zauna tare su tattauna hotunan, sannan a kai maganar gaban masu iko. Tunanin malamin Brazil Paulo Freire yana ƙarƙashinta, wato wanda abin ya shafa shi ya fi cancanta ya bayyana shi. A Yunnan an baje hotunan a gaban jami'ai, kuma hotunan jarirai kwance a gefen gona iyayensu mata na aiki suna cikin abin da ya jawo maganar wuraren reno.

A lura da bambancin. A hira a kan hoto, hoton mabuɗi ne, mutum biyu ne a ɗaki, abin da aka faɗa yana komawa kundi da sunan aro. A muryar hoto, taro ne, kuma ƙarshensa bango ne da aka rataye hotuna, shugabanni suna zagayawa. Wanda ya ba mutum goma sha biyu aikin ɗaukar hoto, ya yi hira da kowa shi kaɗai, ya rubuta kundi ya tafi, bai yi muryar hoto ba ko da ya sa sunan a kan bangon kundinsa. Mai jarrabawa da ya san fannin zai kama shi a nan ranar kare kundi.

Me ya sa nake ganin ba ta cika dacewa da ɗaliban digirgir ba? Domin masu ikon da za a kai wa magana su ne mutanen da ke riƙe da makomarsu. Matar Yunnan tana magana da jami'in gunduma wanda ba shi zai sa hannu a takardar ci gabanta ta shekara ba. Ɗalibin da ya rataye hoto a harabar tsangaya yana magana ne da shugaban sashe da abokan aikin sufabaizansa, waɗanda gobe zai nemi wasiƙar shaida daga gare su. Abin da ke biyo baya sananne ne: kowa ya kawo ƙorafin da ba ya ƙona hannu, ɗakin salla ya yi ƙanƙanta, kantin jami'a ba ya sayar da abincin halal bayan azahar, hita ba ta aiki. Duk gaskiya ne, duk sun cancanci gyara, amma babbar maganar ta zauna a ciki. Zaman taron ma da nasa nauyin. Ɗan Kano ba zai buɗe baki ya ce ya shiga damuwa har ya daina fita ba alhali ga ɗan Katsina a gefe wanda matansu suna gaisawa. Ga kuma lokaci: zama huɗu ko biyar na sa'o'i biyu, daga mutanen da ke tsakanin ɗakin gwaji da aikin sa'o'i 20 a mako da biza ta yarda musu.

Duk da haka akwai inda ba ta da na biyu. Idan abin da ake bincike na kowa da kowa ne, ana iya ganinsa, kuma ba laifin mutum ɗaya ba ne, to ita ce. Gidajen haya, misali. Tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗaliban digiri na biyu zuwa da iyali, ta bar wa masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu, saboda haka ɗalibin digirgir ne yanzu ya fi yawan zama mai mata da 'ya'ya a garin da aka gina masaukansa don samari da 'yan mata marasa aure. Hoton bango mai danshi da gado huɗu a ɗaki guda yana yin abin da shafi goma na rahoto ba zai yi ba. Sharaɗin dai shi ne a sami ƙungiyar ɗalibai da ta rungumi aikin, a kuma sami wani mai iko da ya yi alƙawarin zuwa tun kafin a ɗauki hoto na farko. In babu wannan, an tara mutane an sa musu rai ne kawai.

Zanen tafiya

Takarda babba, alƙaluma masu launi, da roƙo guda: zana mini tafiyarka daga ranar da ka sami gurbi zuwa yau. Wasu masu bincike suna ba da layi a miƙe, a sa abin daɗi a sama, na wuya a ƙasa. Wasu suna cewa a zana ta kamar kogi, da kwanoni da duwatsu da inda ya rabu biyu. Minti goma sha biyar zuwa ashirin ana zane, sauran sa'ar ana bin layin da yatsa ana magana.

Wannan ita ce na fi ba ƙarfi, kuma dalilina shi ne digirgir abu ne na lokaci. A Birtaniya shekara uku zuwa huɗu ne, yawanci ba aji ba jarrabawar zango, sai matakai 'yan kaɗan masu nisa da juna: tantancewar ƙarshen shekarar farko, izinin kwamitin ɗa'a, fita tattara bayanai, rubutu, miƙa kundi, zama da masu jarrabawa biyu, gyare-gyare. A Amurka ya fi tsawo, da darussa da jarrabawar cancanta a farko. A Malesiya, inda malaman jami'o'in Arewa da dama suka yi nasu, jami'o'i da yawa suna sharɗanta buga maƙala a mujalla kafin a kammala, sai jiran amsar edita ya zama wani dogon zango shi ma. Hoto yana kama yau ne. Layi kuwa yana kama jerin abubuwa, kuma a jerin ne dalili yake ɓuya: sufabaiza ya koma wata jami'a, wata biyu bayan haka kuɗi ya tsaya, sai rasuwa a gida da ba a samu zuwa ba, sai wata shida da ba a rubuta ko shafi ba. Da baki, mutum zai ba ka waɗannan a warwatse ko ya tsallake biyu. A takarda, shi da kansa zai tsaya ya dubi inda layin ya nutse ya ce bai taɓa lura sun zo a jere haka ba.

Kuma duk abin da kyamara ta kasa, alƙalami yana iyawa. Jira fili ne fari a tsakiyar takarda. Sufabaiza yana iya zama dutse, ko gada, ko duka biyun a wurare daban-daban, ba tare da an kira suna ba. Kuɗin lafiya da ake biya tare da biza, wanda ya tashi daga fam 470 zuwa 776 a shekara ga kowane ɗalibi da kowane ɗan rakiyarsa a Fabrairun 2024, wato sama da fam 12,000 ga iyali mai mutum huɗu a shekara huɗu, kuma a dunƙule tun kafin a taso, yana iya fitowa a matsayin rami a farkon layin, tun mutum bai taka Ingila ba. Ta fuskar sirri ma ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ba fuska, ba taga, ba bayanin wuri. Abin lura kawai rubutun hannu da kwanan wata, kuma ana iya sake zana takardar a kwamfuta a cire su, a nuna wa mai ita ya amince.

Ba ta rasa nata cikas ba. Mutum mai digiri biyu, malami a jami'arsu, ka miƙa masa alƙalami ja da kore, zai iya jin an mayar da shi ɗan firamare. "Ni fa ban iya zane ba" ita ce jimlar farko da za ka ji, kuma maza manya sun fi faɗinta. Maganinta a kira abin jadawali ko layin lokaci, a ce kibiya da da'ira sun wadatar. Wasu Musulmi kuma ba sa zana abu mai rai, don haka kada a ce "zana kanka da sufabaizanka". A bar mutum ya zaɓi alamarsa. Wanda ya san mutanensa ba sai an gaya masa wannan ba, amma sau da yawa tsarin binciken daga littafin da aka rubuta don wasu mutane daban ake kwafo shi.

Cikas mafi girma shi ne tuni yana gyara labari. Wanda ya kare kundinsa jiya zai zana duk wahalhalun a matsayin matakalar nasara. Wanda aka dawo wa da babi da jan biro a makon nan zai zana shekara uku a matsayin gangara. Shi ma mai bincike yana zuwa da nasa zanen a ka. Tun 1955 Sverre Lysgaard, bayan nazarin 'yan Norway da suka je Amurka da tallafin Fulbright, ya kawo ra'ayin cewa baƙo yana farawa da murna, ya faɗa ƙunci, sannan ya farfaɗo, kamar harafin U. Ra'ayin ya bazu har ofisoshin ɗaliban ƙetare suna koyar da shi a makon tarba, alhali binciken da ya biyo baya bai tabbatar da cewa kowa haka yake bi ba. Idan ka ba da takarda mai "sama" da "ƙasa", ɗalibin da aka nuna wa wannan zanen a makonsa na farko yana iya mayar maka da shi. Hanyar kauce wa duka biyun ita ce a yi zanen sau biyu, da tazarar wata shida ko fiye, a ajiye su gefe da gefe a tambayi mai su abin da ya canza.

Taswira

Kevin Lynch na jami'ar MIT ta Amurka ne ya shahara da ita a 1960, bayan ya sa mazauna Boston da Jersey City da Los Angeles su zana garinsu da ka, don ya ga abin da ya zauna musu da abin da ya ɓace. Ga ɗalibin ƙetare, roƙon shi ne ya zana wuraren da ƙafarsa ke takawa a mako guda. Tambaya ɗaya take amsawa, amma tana amsa ta da kyau: ina girman duniyar mutumin nan? Wani zai cika takarda. Wani kuma gida, ofis, babban kanti, masallaci ko coci, shi ke nan, a garin da ya shekara uku.

Inda ta fi amfani shi ne wuraren da aka bari fari. A ƙarshen Yuli da farkon Agustan 2024, bayan kisan yara uku a garin Southport, tarzoma ta ɓarke a garuruwa da dama na Ingila, aka kai hari kan masallatai da otal-otal da ke ɗauke da masu neman mafaka, har gwamnatin Najeriya ta gargaɗi 'yan ƙasarta masu shirin tafiya. Ka tambayi mace mai hijabi ko tana fuskantar wariya, tana iya cewa a'a, kuma da gaske take, domin ba wanda ya taɓa tare ta. Ka tambaye ta me ya sa layin bas ɗinta ya yi wannan dogon zagaye a taswira, sai ka ji wace unguwa ce ta daina bi tun wancan lokacin. Amma taswira ba ta san komai game da kundi ba. Dangantaka da sufabaiza, tsoron rubutu da Turancin masana, duk ba su da adireshi. Kuma ita ce ta fi saurin tona inda mutum yake zaune, don haka ba a buga ta yadda take.

Akwai wasu hanyoyin da zan wuce da sauri. Kundin bidiyo, inda ɗalibi ke yi wa wayarsa magana duk mako, yana kama abu da zafinsa, amma ga fuska ga murya, kuma mutane suna gajiya su bari. Gini da tubalan wasan yara na Lego, wanda David Gauntlett ya shigo da shi binciken zamantakewa, da haɗa yankakkun hotunan mujallu, suna da daɗi a taron bita na yini guda. A matsayin ginshiƙin kundi kuwa, sai mai bincike ya shirya kare su da kyau, kuma mujallun da za a yanka ba safai suke ɗauke da fuskoki ko abincin da ya yi kama da na mahalarta ba.

To wacce za a ɗauka?

Kafin a amsa, akwai abin da duk huɗun suka haɗu a kai, wanda sababbin masu bincike ke mantawa: abin ganin ba ya fassara kansa. Hoton kujera babu kowa yana iya nufin kaɗaici, yana iya nufin a nan ne kawai mai shi ke samun sakat daga hayaniyar yara. Ma'anar tana bakin wanda ya ɗauka, shi ya sa rikoda ba ta hutawa, kuma kowace sa'a ta hira tana cin sa'o'i huɗu zuwa shida wajen mayar da ita rubutu. A lokacin hirar a riƙa faɗin lambar hoto ko ɓangaren zane da baki, in ba haka ba bayan wata uku za ka tarar da "wannan ɗin nan" da "can wajen" cike da shafi, ba ka san me ake nunawa ba. In da hali a bar mutum ya yi bayani da harshen da ya ga dama. Wanda ya yi maka Turanci mai tsabta a kan tsarin bincikensa, idan aka zo kan rasuwar mahaifiyarsa yana iya komawa Hausa ko Larabci, kuma a nan maganar take.

Idan kai kaɗai ne, da ɗan kuɗi kaɗan da shekara guda ta tattara bayanai, kuma tambayarka ta shafi karatun kansa, wato duba aiki, rubutu, kuɗi, tunanin bari, ka ɗauki zanen tafiya ka yi shi sau biyu. Kayan aikinsa ba su wuce takarda da alƙalami ba, izininsa ya fi saurin fita daga kwamiti, ana iya yinsa ta Zoom mutum ya ɗaga takardarsa ko ya turo, kuma shi ya fi kare wanda ya ba ka amana. Idan tambayarka ta fi karkata ga zaman yau da kullum, gida, abinci, ibada, reno, to hira a kan hoton da ɗalibi ya ɗauka ta fi, da sharaɗin ba fuska, ba allon suna, kuma a ware izini biyu: na a yi magana a kan hoto, da na a buga shi. Mutum yana iya yarda da na farko ya ƙi na biyu, kuma sau da yawa hoton da ya fi ba da bayani shi ne wanda ba za a buga ba. Taswira ba ta isa ta tsaya ita kaɗai ba sai in bincikenka a kan gari ne ko tsaro; minti goma a farkon hira ya ishe ta. Muryar hoto kuwa a bar wa ƙungiyar ɗalibai ko ofishin da ke da abin da yake son canzawa da wanda zai saurara.

Haɗa biyu yana da kyau, zane a zaman farko, hoto a na biyu, domin zanen yana nuna maka lokutan da za ka nemi a ɗauko musu hoto. Haɗa uku ko huɗu kwaɗayi ne. Mutum goma sha biyar, kowa da hoto goma da zane biyu da hira biyu, ya riga ya ba ka hoto 150, zane 30 da sa'o'i 30 ko fiye na magana, kuma kowane nau'i sai ka bayyana wa masu jarrabawa yadda ka nazarce shi.

Sai batun wanda ke riƙe da rikodar. Yawancin masu irin wannan bincike su ma ɗaliban ƙetare ne, suna nazarin 'yan'uwansu. Wannan yana buɗe ƙofa, amma yana kawo "ai ka sani" a daidai inda kake buƙatar bayani, kuma yana sa wanda kuke haɗuwa a sallar Juma'a ya yi tunani sau biyu kafin ya nuna maka hoton cikin firjinsa. Ga irin wannan mai bincike, gara ya nemi mahalarta daga wata jami'a a wani gari, ko da zai biya kuɗin jirgin ƙasa, ya kuma rubuta a takardar amincewa ranar ƙarshe da mutum zai iya janye hotonsa ko zanensa, ya tuna masa da ita mako guda kafin ta cika.